Wanda Bai Karya Doka Ba, Ya Kuɓuta Daga Alhakin Jini?

A cikin dukan abubuwan da mutum yake saya da kuɗinsa, babu wanda yake karɓa ido rufe kamar magani. In mace ta je sayen hatsi takan damƙa, ta shinshina, ta tauna ƙwaya ɗaya ko biyu kafin ta ce a auna. Mai sayen akuya yakan buɗe bakinta ya dubi haƙora, mai sayen yadi kuma ya ɗaga shi a hasken rana. Amma uwar da ta tsaya a kantin magani da dare, da jariri mai zazzaɓi goye a bayanta, ba ta da yadda za ta gwada abin da aka miƙo mata. Kwalba ce a rufe, da takarda a manne, da lambobi a jikinta. Ko da ta buɗe ta lasa, zaƙi kaɗai za ta ji. Abin da ta biya wa kuɗi a wannan dare amana ce, gama ta gaskata akwai wani a wani wuri, wanda ba ta taɓa gani ba, da ya duba abin da yake cikin kwalbar kafin ya rufe ta. To, idan wannan mutum bai duba ba, yaron kuwa ya mutu, ya isa ya ce bai sani ba? Ya isa ya ce babu dokar da ta tilasta masa dubawa?

An taɓa yin wannan tambaya a gaban kaburbura fiye da ɗari a ƙasar Amurka. A shekarar 1937 maganin da ake kira salfanilamaid sabon shiga ne, ana kuwa ganinsa kamar abin al'ajabi, domin a lokacin finisilin bai shiga hannun likitoci ba tukuna, shi ne yake kashe ƙwayoyin cutar da suke kawo ciwon maƙogwaro mai tsanani da ciwon sanyi. Ana sayar da shi ƙwaya, ana sayar da shi gari. Sai wani kamfani mai suna S. E. Massengill, a garin Bristol ta jihar Tenesi, ya sami labari daga wakilinsa na talla cewa mutanen jihohin kudu suna bukatar na ruwa. Wahalar ita ce garin ba ya narkewa sosai a ruwa, haka ma a barasa. Babban mai harhaɗa magungunan kamfanin, Harold Watkins, ya yi ta gwaji har ya tarar yana narkewa sarai a cikin wani sinadari mai suna dayetilin gilaikol. Ya haɗa su, ya sa ɗanɗanon 'ya'yan itace. Kashi 72 cikin 100 na abin da yake cikin kwalbar wannan sinadari ne. Aka gwada kamanninsa, aka gwada ƙanshinsa, aka gwada ɗanɗanonsa, duka suka yi. Ba a ba ko ɓera ɗaya ya sha a ga abin da zai same shi ba. Aka haɗa galan 240, aka fara aikawa da shi a watan Satumba da sunan Elixir Sulfanilamide.

Kafin tsakiyar Oktoba likitoci a garin Tulsa ta jihar Oklahoma suka fara kai rahoton mace-mace. Hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta watsa kusan dukan ma'aikatanta na fili, mutum 239, suna bin kantuna da ɗakunan likitoci da gidaje, har suka tattaro galan 234 da 'yar ɗoriya. Ɗan abin da aka riga aka sha, wanda bai cika galan 6 ba, shi ya kashe mutum fiye da 100 a jihohi 15, yara da dama a cikinsu.

Ya kamata mai karatu ya san wannan sinadari da kyau, gama sunansa zai yi ta dawowa. Magunguna da yawa, har da farasitamol da kowane gida ya sani, ba sa narkewa a ruwa gwargwadon yadda za a sami isasshen magani a cokali ɗaya. Saboda haka masu haɗa maganin ruwa na yara sukan nemi wani ruwa mai kauri da zai narkar da shi. Biyu ne aka fi amfani da su, wato gilisarin, wanda mata suka sani a man shafawa, da furofilin gilaikol. Dukansu biyu ba su da launi, ba su da wari, suna da kauri kamar zumar da aka tsinka, suna kuma da ɗan zaƙi. Dayetilin gilaikol ma haka yake, ba launi, ba wari, ga kauri, ga zaƙi. A zuba su uku a kofuna, ido da hanci da harshe ba za su raba su ba. Ko a gini na ciki 'yan'uwan juna ne na kusa: gilisarin yana da ƙwayar zarra ta kabon 3, haidurojin 8, oksijin 3, furofilin gilaikol yana da 3 da 8 da 2, dayetilin gilaikol kuwa 4 da 10 da 3. Amma wurin aikin na ƙarshen nan shi ne masana'anta, a man birki, da ruwan da yake hana injin daskarewa a ƙasashen sanyi, da fenti, da roba. Ya kuma fi sauran biyun araha, in an gwada shi da irin nasu mai tsabta wanda aka yarda a sa a magani.

Bambancin yana bayyana ne bayan an haɗiye. Akwai wani sinadari a hanta wanda aikinsa shi ne sarrafa barasa da danginta. In furofilin gilaikol ya same shi, yakan juya shi zuwa abubuwan da jiki ya saba da su, irin asid ɗin da tsoka take fitarwa sa'ad da mutum ya yi gudu, jiki kuwa ya ƙone su ya huta. In dayetilin gilaikol ne, wannan hanta, da wannan aiki nata na kullum, takan juya shi zuwa wasu irin asid da suke taruwa a ƙoda suna kashe 'yan siraran bututun da suke tace fitsari. Da farko yaro yakan yi amai, da ciwon ciki, da zawo. Bayan kwana ɗaya zuwa uku fitsari ya ragu, sa'an nan ya ɗauke ɗungum. In ya daɗe a raye, dafin yakan kai ga jijiyoyi, fuska ta shanye, numfashi ya gagara. Mafi ɓacin rai a cikin al'amarin shi ne alamun farko sun yi kama da cutar da ake ba da maganin dominta. Uwa ta ga jikin ya ƙara zafi, yaron yana amai, sai ta ce zazzaɓin ne bai sauka ba, ta ƙara masa cokali. Akwai maganin da yake tare hantar daga wannan aiki, akwai kuma wankin ƙoda, amma sai an gane da wuri, sai kuma an sami asibitin da yake da injin wankin ƙodar jarirai.

A koma Tenesi. Sa'ad da hukuma ta nemi laifin da za ta kama kamfanin da shi, sai ta tarar hannunta kusan wofi ne. Dokar da take aiki a lokacin, ta shekarar 1906, ba ta ce sai an gwada magani an tabbatar ba ya cutarwa kafin a sayar ba. Sayar da guba a kwalbar magani, in dai ba a yi ƙarya a takardar jikinta ba, bai saɓa wa dokar tarayya ba. Abin da ya ba hukuma ƙafa shi ne kalmar Elixir da take cikin sunan, domin a ƙa'idar masu magani na lokacin, abin da aka kira haka dole ya ƙunshi barasa, wannan kuwa babu barasa a cikinsa. Da kamfanin ya zaɓi wata kalma, da hukuma ba ta da ikon ƙwace ko kwalba ɗaya. A ƙarshe aka ci shi tarar dala 26,100 saboda suna da bai dace da kaya ba. Mai kamfanin, Samuel Massengill, ya fito ya ce shi da ma'aikatansa sun yi baƙin cikin abin da ya faru, amma ba a yi kuskure a wajen haɗawa ba, bai kuma ga alhakin kome a wuyansu ba. A watan Yuni na 1938 Shugaba Roosevelt ya sa hannu a sabuwar doka wadda ta wajabta nuna shaidar cewa sabon magani ba ya cutarwa kafin a kai shi kasuwa.

In ana maganar doka zalla, maganar Massengill tana da ƙafa. Amma lamirin kowane mai hankali yana ƙin ta tun kafin ya iya faɗin dalili, ya kuwa kamata a faɗi dalilin. Doka aikin majalisa ce, majalisa kuwa takan rubuta abin da ta riga ta gani. A fannin magani kusan kowace babbar doka ihu ce bayan hari, ana iya nuna kaburburan da suka haife ta. Idan abin da doka ta hana shi kaɗai ne mugunta, to, ba yara guba ya zama mugunta ne a watan Yuni na 1938, a watan Mayu kuwa ba laifi ba ne. Babu uban da zai karɓi wannan lissafi. Alhakin yana nan tun kafin dokar, shi ne ma ya sa aka rubuta ta.

Shari'ar Musa ta yi maganar irin wannan hali da misalin da kowane makiyayi zai gane. A littafin Fitowa sura 21 an raba hukunci biyu a kan san da ya tunkuyi mutum har ya mutu. In karo na fari ne, a kashe san, mai shi kuwa ba shi da laifi, gama babu yadda zai sani. Amma in san ya saba tunkuyi, an kuma faɗa wa mai shi, bai tsare shi ba, to, jinin yana kansa. Abin lura shi ne a karo na biyun ma mai san bai nufi kowa da mutuwa ba. Ba shi ya kora san a kan mutumin ba, wataƙila ma yana gona sa'ad da abin ya faru. Laifinsa shi ne akwai abin da ya sani, ko abin da aka sa a gabansa ya sani, bai yi kome a kai ba. Wato rashin sani iri biyu ne. Akwai na wanda ba shi da hanyar sani, akwai kuma na wanda hanyar tana buɗe a gabansa ya ƙi bi, domin bin ta zai ci masa kuɗi, ko lokaci, ko ciniki. Na farkon abin tausayi ne. Na biyun zaɓi ne, mutum kuwa yana ɗaukar alhakin abin da ya zaɓa.

Wane iri ne na Watkins? Mai son yi masa adalci zai ce ba a taɓa ganin irin wannan annoba kafin nasa ba. Gaskiya ne. Amma kafin 1937 mujallun likitoci sun riga sun buga sakamakon gwaje-gwajen da suka nuna sinadarin yana lalata ƙodar dabbobi, gwajin 'yan kwanaki a kan ɓeraye kuwa da ya tona asirin. Haka ya faru da masanan Jami'ar Shikago suka gwada bayan an fara mutuwa. A cikinsu har da wata ɗaliba, Frances Oldham, wadda daga baya, da sunan aurenta Kelsey, ta shiga hukumar magunguna, ta kuma ƙi amincewa da maganin talidomaid a 1960 da 1961 domin shaidar da aka kawo mata ba ta gamsar da ita ba, a daidai lokacin da yake nakasa dubban jarirai a Turai. Ko da an yi wa Watkins sassauci an ce nasa tunkuyin fari ne, sassaucin ya ƙare a kansa. Tun daga 1937 an san wannan sa, an rubuta sunansa a littattafan koyar da haɗa magani, an gargaɗi duk mai shi.

Duk da haka, a daminar 1990 yara 47 suka mutu a asibitin koyarwa na Jami'ar Jos da ƙoda a tsaye, bayan an ba su farasitamol na ruwa. A faɗin ƙasar adadin ya haura 100. An sayar da dayetilin gilaikol da sunan furofilin gilaikol, waɗanda suka saya kuwa suka zuba ba tare da gwadawa ba. Wannan masifa tana cikin abubuwan da suka matsa aka kafa hukumar NAFDAC da dokar soja mai lamba 15 ta 1993. Daga 2001 zuwa 2008, a ƙarƙashin Dora Akunyili, hukumar ta yi yaƙi da jabun magunguna har aka harbi motar shugabar tata a watan Disamba na 2003, jama'a kuma suka koyi juya kwalba su nemi lambar rajista. Sai ga shi a ƙarshen 2008 abin ya komo. Wani maganin ruwa da ake ba jarirai a lokacin fitar haƙori, mai suna My Pikin, wanda kamfanin Barewa na Legas yake haɗawa, ya kashe yara aƙalla 84 a Legas da Zariya da wasu garuruwa. Labarin bai sāke ba: an sayi abin narkarwa daga hannun ɗan kasuwar da ba shi da rajistar sayar da kayan magani, aka zuba. A 2013 Babbar Kotun Tarayya a Legas ta yanke wa ma'aikatan kamfanin biyu ɗaurin shekara 7.

A nan akwai abin da iyaye da yawa ba su lura da shi ba. Maganin nan bai fito daga ɗakin 'yan jabu a bayan kasuwa ba, daga masana'antar mai shi na ainihi ya fito. Lambar rajista shaida ce cewa an duba samfurin da aka kai wa hukuma, an kuma duba masana'antar. Lambar da ake kankarewa a aika ta waya, wadda aka shigo da ita a 2010, shaida ce cewa kwalin daga wurin mai shi ya fito. Babu ɗaya cikinsu da yake nufin wani jami'in gwamnati ya tsoma ludayi a kowane duro da ya shiga ƙofar masana'anta. Ba zai yiwu ba. Wannan aiki yana hannun mutum ɗaya ko biyu a cikin masana'antar, a wata safiya da babu mai kallonsu, da duro a gabansu da takardar shaida a manne tana cewa kayan tsabtatacce ne.

Takardar shaidar nan ita ce mafakar kowa, abin da ya faru a ƙasar Panama a 2006 kuwa ya nuna yadda take aiki. Duro 46 suka taso daga wata masana'anta a ƙasar Sin, an rubuta gilisarin a jikinsu. Suka bi ta hannun dillali a Beijin, da wani a Basalona ta ƙasar Sifen, da wani a Panama. Kowane dillali yakan sake kwafe takardar shaidar, ya cire sunan wanda ya sayar masa, ya sa nasa, don kada mai saye ya tsallake shi ya je tushe. Babu ko ɗaya da ya gwada. Hukumar lafiya ta gwamnatin Panama ta karɓa, ta haɗa maganin mura kwalba 260,000, ta rarraba wa marasa lafiya. Waɗanda aka tabbatar sun mutu sun haura 100. In aka tambayi kowane mutum a wannan sarƙa, zai ce shi ɗan abu kaɗan ya yi: takarda ya kwafe, kaya ya tura, hannu ya sa. Kowa yana nuna na bayansa, har yatsa ya ƙetare teku ya ɓace.

Amma alhaki ba naman watanda ba ne, da za a ce in masu rabo sun yi yawa kason kowa ya ragu. Wanda ya sa sunansa a takardar da take cewa kaya tsabtatacce ne, ya ba da shaida, in kuwa bai gani ba, shaidar zur ya bayar, ko da ya yi imani abin da ya kwafe gaskiya ne. Ba a ce laifin kowa ɗaya ne ba. Wanda ya ɗauki man masana'anta da saninsa ya manna masa sunan kayan magani ya fi kowa nauyi, gama shi ya san abin da yake cikin duron. Amma nauyin nasa bai sauke wa na gaba nasa ba. In ɓera da sata, daddawa ma da wari. Mafi kusa da yaron a cikin masu iya sani shi ne mai masana'anta, shi ne ƙofa ta ƙarshe. Bayansa babu sauran mai iya dubawa, daga mai kanti har likita har uwa.

Akwai ƙorafin da bai kamata a yi watsi da shi ba. Ƙa'idar littattafan magani ita ce kada dayetilin gilaikol ya wuce kashi 0.1 cikin 100 a gilisarin ko furofilin gilaikol, na'urar da take iya auna wannan ɗan kaɗan kuwa tana da tsada, tana bukatar wutar lantarki marar yankewa da ma'aikacin da aka horar. Ƙaramin mai masana'anta a ƙasar da janareta yake cinye riba zai ce in aka ɗora masa kowace ƙa'ida ta Turai, ko dai ya rufe, ko ya ƙara kuɗi, talaka kuwa ya koma wa mai tallan magani a tasha, wanda babu mai tambayarsa kome. Maganin da ya fi ƙarfin aljihu shi ma yana kisa, sai dai ba a ƙirga gawarwakinsa. Wannan magana tana da gaskiya a cikinta, hukumomi kuma suna da nasu alhakin, na tsare tashar jiragen ruwa, da bin sawun masu sayar da sinadarai, da tanadar ɗakin gwajin da ƙananan masana'antu za su iya kai samfuri. Sai dai ƙorafin bai kai inda ake so ya kai ba. Ba kwalba ɗaya ɗaya ake gwadawa ba, duro ake gwadawa, duro guda kuwa yana haɗa kwalabe dubbai, kuɗin gwajin in an raba shi a kansu ɗan kaɗan ne. Wanda ba shi da na'ura yana iya aikawa da samfuri wurin mai ita ya jira. Kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Wanda ba zai iya ɗaukar kuɗin gwaji ba, bai isa haɗa maganin jarirai ba tukuna, akwai kuwa sana'o'i da yawa na halal waɗanda kuskure a cikinsu ba ya kai yaro kabari. Maimaitawar Shari'a sura 22 ta umarci mai gina sabon gida ya yi wa soronsa rawani kewaye don kada wani ya fāɗo jininsa ya hau kan gidan. Rawanin yana cin tubali da kuɗin magini, amma an lasafta shi cikin kuɗin ginin, tun kafin kowa ya fāɗo.

Mutanen nan biyu na Tenesi sun bi hanya biyu, ba kuwa wadda ta yi wa mamatan amfani. Massengill ya ɓuya a bayan doka. Watkins, wanda ya haɗa maganin da hannunsa, ya kashe kansa daga baya. Ɗaya ya ƙi ɗaukar nauyin, ɗaya nauyin ya danne shi. Akwai aikin da mai laifi yake iya yi wanda ya fi waɗannan biyu wuya, wato ya faɗi gaskiya da sauri, a fili, a lokacin da faɗarta take ceton rai tana kuma rushe cinikinsa. A wannan ma kamfanin ya gaza. Saƙonnin waya na farko da ya aika wa kantuna da likitoci sun roƙi a komo da kayan ne kawai, ba su ce guba ba ne, sai da hukuma ta matsa aka sake aika wasu da suka ce akwai hatsari ga rai. A kwanakin da suke tsakanin saƙon fari da na biyu, kwalaben suna kan tebur a gidajen mutane.

Akwai kuma wadda ya kamata a sauke wa kayan da ba nata ba. Uwar da ta ba ɗanta cokalin nan da hannunta takan ɗauki kanta mai kisa, wani lokaci dangin miji su taya ta, ko a shiga neman maye a cikin gida. Nata shi ne rashin sani na fari, na wanda ba shi da hanyar sani. Ta ga ɗanta yana wahala, ta je inda ake sayar da magani, ta biya, ta ba shi yadda aka rubuta. Babu alhakin jini a kanta, maƙwabta da shugabannin ikkilisiya kuwa ya kamata su faɗa mata haka da baki, ba sau ɗaya ba. Abin da yake hannun iyali kaɗan ne, amma ba a rasa ba. Fitar haƙori ba cuta ba ce da take bukatar kwalba. Zazzaɓi mai zafi ko zawo mai yawa a wannan lokaci alamar wata cuta ce dabam da take bukatar asibiti, ajiye ta a kan haƙori kuwa ya sha jawo jinkiri. Yaron da yake shan maganin ruwa, aka ga yini ya wuce bai jiƙa zane ba, a tsai da maganin, a kai shi asibiti nan da nan, a kuma riƙa kwalbar da kwalinta. Lambar rukunin da take jikin kwalin ita ce zaren da masu bincike suke bi har su kai ga duron, su kuma janye sauran kwalaben daga kantuna kafin su shiga wasu gidaje.

A 2022 aka sake ganin yara suna daina fitsari a Gambiya, wajen 70 suka mutu bayan shan magungunan tari da mura da aka shigo da su daga Indiya. A shekarar nan kuma fiye da 200 suka mutu a Indonesiya, da maganin da aka haɗa a cikin ƙasar, sa'an nan wasu a Uzbekistan. A watan Janairu na 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce mamatan ƙasashen uku sun haura 300, yawancinsu ba su kai shekara 5 ba, ta kuma roƙi masu masana'anta su sayi kayan haɗi daga wurin waɗanda aka tantance kaɗai, su gwada kafin su zuba. A watan Oktoba na 2025, a jihar Madiya Faradesh ta Indiya, yara fiye da 20 suka mutu bayan shan wani maganin tari. Da aka kai kwalbar ɗakin gwaji, aka tarar kusan rabin abin da yake cikinta dayetilin gilaikol ne.